Mol Ɗaya Na Ruwa

Da za ka shiga unguwar kana cigiyarsa da sunan da ke takardunsa, da ka sha yawo a banza. Amma ka ce Malam Mol Ɗaya, nan take mai kantin magani zai fito ya nuna maka gidan, yana nunawa yana gyara tsayuwa kamar an ce masa ga Malam nan tafe. Malamin kemistiri ne a makarantar sakandare, tun yana saurayi mai sumar taƙama har tsakar kansa ta zama fili. Likitoci sun bi ta hannunsa, injiniyoyi sun bi, haka ma waɗanda kemistiri ya kora suka kama kasuwa, kuma su suka fi kowa zuwa gaishe shi.

Ba koyarwa ya so ba tun farko. Ɗan mai gyaran rediyo ne, ya tashi cikin warin dalma da tarkacen wayoyi, burinsa ya karanci haɗa magunguna. Uban ya kwanta ciwo ya rasu, ga ƙanne a bayansa kamar 'yan tsaki, sai ya karɓi aikin koyarwa da niyyar ya ɗan taɓa kafin hanya ta buɗe. Hanyar ba ta buɗe ba, shi ma ya gaji ya daina leƙenta. A hankali alli ya shiga jininsa, har ya zama irin mutumin da in an ba da dogon hutu sai ya rame.

Ga inda sunan ya samo asali. A aji na ƙasa, abin da ake fara cusa wa yaro shi ne daidaita lissafin sinadarai. Ƙwayoyin da suka shiga ta hagu su za su fito ta dama, ba ragi ba ƙari, kuma ba a son ganin rabi a layin. In rabi ya ɓullo, a ninka komai da biyu a kore shi. Haidirojin biyu da oksijin ɗaya su ba da ruwa biyu, an ci maki. Yaro ya yi ta wannan har ya zame masa jiki. Sai ya hau aji na sama, a zo darasin da ake kira entalfin samuwa, wato zafin da ke fita ko ke shiga idan abu ya samu daga sinadaransa na asali. Nan fa doka ta juya. Zafin da ake nema na mol ɗaya ne tak, mol kuwa shi ne mudun masu kemistiri. To in ruwa mudu ɗaya kake so, ba biyu ba, dole ka haƙura da rabin oksijin:

H₂ + ½O₂ → H₂O

"Mu muka koya muku ƙin rabi," in ji Malam kowace shekara, yana kakkaɓe alli daga gaban rigarsa, "mu ne kuma za mu sasanta ku da shi."

Hannun yaro kuwa ba ya sasantuwa da sauƙi. Ka ba su aikin gida, rabin ajin sai sun ninka. Don haka Malam ya kafa wata doka tasa. Duk wanda ya ninka, zai zagaye masa biyun da jan biro, ya rubuta a gefe: Mol nawa na ce? Ranar mayar da littattafai mai laifi ya miƙe tsaye, Malam ya kama kunnensa na kansa ya tambayi aji, "Mol nawa?" Aji ya amsa da ƙarfi, ana dukan tebur, "Mol ɗaya!" Ba a ware ɗan kowa. Ya taɓa tsayar da ɗan shugaban makaranta na wancan zamani, uban yana wucewa ta taga. Kunyata yaro ba abin yabo ba ne, kuma akwai waɗanda suka tsani kemistiri daga wannan tsayuwa har abada. Amma a faɗi gaskiya, yawancin waɗanda aka yi wa sau ɗaya ba su ƙara ninkawa ba.

Ciwon ya same shi ne a gaban allo. Alli ya suɓuce masa, ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi zuwa. Yara suka yi dariya, sun ɗauka wasa yake, sai da suka ga bakinsa ya karkace. Hawan jini ne da ya daɗe yana raina wa wayo, ya tashi ya shanye masa ɓarin dama. Ya yi jinya mai tsawo. Ƙafa ta dawo tana ɗan ja, hannu ya dawo yana ɗan rawa, magana ta dawo kusan yadda take. Likita ya ja matarsa gefe ya ce wasu abubuwan suna dawowa, wasu ba sa dawowa, kuma kada a riƙa ɓata masa rai.

Shugabar makaranta ta zo dubiya da ledar lemo. Mace ce mai kirki, amma kirkin mai riƙe da makaranta yana da iyaka.

"Malam, kujerarka tana nan," ta ce. "In aka dawo daga hutun tsakiyar zango, ka shiga ajinka. In kuma jiki bai ba da dama ba, sai mu rubuta wa ma'aikata a sallame ka cikin mutunci."

Wannan kalma ta mutunci ta tsaya masa a rai. Tana fita ya sa matarsa ta wanke farar rigarsa mai gajeren hannu, ta goge, ya rataye ta a ƙusar bayan ƙofa inda zai riƙa ganinta daga gado. Komawa aji ita ce kaɗai abin da ya sa a gaba. Ba shi da gona, ba shi da majalisar hira, ko labarai ba ya iya saurara har ƙarshe. In aka raba shi da allo, shi kansa bai san wane ne zai rage ba.

Akwai abin da bai gaya wa kowa ba. Wata rana ya riƙe makulli a hannu, ya san abin da ake yi da shi, amma sunansa ya ɓace masa ɓat. Wata rana ya fita sayen burodi ya tsaya a mahaɗar hanya yana kallon motoci, ya manta abin da ya fito da shi. Yana tsammani ya ɓoye. Matarsa kuwa, wadda yake kira Tela saboda keken ɗinkin da ta raini yaransu a kansa, tana gani tana shiru. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Takan ajiye masa makullin a gabansa ta ce, "Ga makullinka nan," kamar ba da wata manufa ba.

'Ya'yansa manya babu wanda ya ɗauko shi. Duk sun tsere wa kimiyya kamar ta yi musu sata, sun watsu garuruwa suna neman abincinsu. Auta ce kaɗai. Tun tana 'yar mitsitsiya take tambayarsa ina gishiri yake zuwa in ya shiga ruwa. Ya daɗe yana lissafin shekarar da za ta iso ajinsa, ya koya mata entalfi da bakinsa. Shekarar ta zo, ta same shi a kwance. Ajin kuwa aka ba wa Dogo, tsohon ɗalibinsa da ya dawo makarantar a matsayin malami. Dogon nan a zamaninsa ya sha tsayuwa a gaban aji har Malam ya ce masa da ma tsawon nasa don haka aka yi shi.

Wata yamma yana zaune a baranda, gefen tsohon allon da ya kafa a bango tun yaran suna ƙanana. Daga ɗaki keken Tela yana ta surutunsa. Auta ta fito da littafi, tana murmushi.

"Baba, yau mun shiga darasinka."

"Wane darasi nawa? Kemistirin duka nawa ne."

"Entalfin samuwa. Malam Dogo ya ba mu guda uku mu rubuto. Na gama."

Ya laluba aljihu ya zaro jan biron da ba ya rabuwa da shi ko a gadon asibiti.

"Kawo mu ga ɓarnar da Dogo ya yi mini."

Na farko kabon ne da oksijin, babu rabi a ciki, ya dubi layin ya ba shi maki da hannunsa mai rawa. Na biyu ruwa ne. Ya ga rabin nan zaune a gaban oksijin, sai wani abu ya soke shi kamar tsakuwa a takalmi. Na uku amoniya ce, nan ma ga rabin naitirojin, ga haidirojin ɗaya da rabi. Abin ya yi masa yawa. Ciwon nan ya yi masa irin satar ɓarawon da ya san gida, ya bar masa tsofaffin kaya ya kwashe na sama. Dokar da ya koya yana yaro tana nan daram, wadda ya ci sunansa da ita kuwa ta tafi, ko gurbinta bai ji ba.

"Wannan mene ne?"

"Rabin oksijin ne, Baba."

"Rabi? A kasuwa kike? Lemo ne da za a raba miki?"

Ta yi dariya, ta ɗauka gwada ta yake. Da ta dubi fuskarsa sai dariyar ta tsaya.

"Amma Baba, ai a wannan darasin mol..."

"Ni za ki koya wa? Dogon da na koya wa riƙon biro shi ya ce ki zuba mini rabi-rabi a layi? Ninka da biyu! Haka na koya miki?"

Keken ɗinki ya yi shiru. Tela ta leƙo bakin ƙofa da zare a leɓe, ta yi wa 'yarta ido. Ita ba ta san oksijin ba, ba ta san mol ba, ta dai san jijiyar da ke tashi a goshin mijinta, ta kuma san abin da likita ya ce. Wanzami dai ba ya son jarfa, balle wanzamin da bai gama warkewa ba.

Auta ta buɗe sabon shafi ta sake rubutawa, yana tsaye a kanta. Haidirojin biyu, oksijin ɗaya, ruwa biyu. Amoniya ma ta ninka. Tana da daren nan da safiyar gobe da za ta iya mayar da nata, amma ba ta mayar ba. Tun da ta buɗi ido ba ta taɓa jin an ce Baba ya yi kuskure a kemistiri ba. Ta fi yarda da shi a kan idonta, sai ta ɗauka akwai abin da ya hango wanda ita da Malam Dogo ba su kai ba.

Shi kuwa ranar ya ci abinci har da ƙari. "Kin gani ko, Tela?" ya ce. "Ƙafa ce ke ja, kan yana nan."

"Allah ya ƙara sauƙi, Malam," ta ce, ba ta ɗago ba.

Ranar da aka mayar da littattafai Auta ta dawo idonta ja. Ta gaishe shi daga nesa za ta shige ɗaki, wai kanta ke ciwo. Ya ce ta kawo littafin tukuna. Ta ce yana cikin jaka. Ya ce jakar ma a gidan nan take. Ta kawo, ta miƙa masa tana kallon ƙasa.

Jan da'ira ce ta zagaye biyun da ke gaban ruwa, wata ta zagaye na amoniya. A gefe, da rubutun Dogo mai kama da tafiyar kaza, an sa: Mol nawa na ce?

Ya san kalmomin. Ya ji su kamar muryar wani ɗan gidansu daga bayan katanga. Amma maimakon su tuna masa wani abu, sai suka tunzura shi. Yaron nan ya ɗauki bulalarsa yana dukan mai gaskiya da ita! Ya miƙe ya ɗauki alli, ya rubuta layin a allon baranda da manyan baƙaƙe masu karkata:

2H₂ + O₂ → 2H₂O

"Zo ki ƙirga da kanki. Haidirojin huɗu nan, huɗu can. Oksijin biyu nan, biyu can. Ina kuskuren? Ina yake?"

"Babu, Baba," ta ce, hawaye yana zubo mata.

"To kukan me kike? Gobe zan je in gyara masa zama."

Da safe, bayan Auta ta tafi, ya sauke farar rigar daga ƙusa. Tela ta tsaya a ƙofa.

"Malam, ba yau ba ne fa. Sai an dawo hutu aka ce."

"Ba aiki zan je ba, gyara zan je."

"Ka bari yarinyar ta dawo mu zauna. Don Allah ka bari."

"Matsa mini, Tela."

Ta dube shi, ta ga ba mai tsayuwa ba ne. Sai ta matso ta ɓalla masa maɓallin sama da hannunsa ya kasa, ta daɗe tana gyara kwalar da ba ta da abin gyara.

Ya bi titin da ya bi tsawon rayuwarsa, littafin Auta a hammata. Mai faci ya ɗago daga cikin bahon ruwansa ya yi masa barka da fitowa. Maigadin makaranta ya ƙame ya sara masa. Yana shiga ɗakin gwaje-gwaje warin wurin ya tarbe shi, warin gas da jiƙaƙƙen siminti, har idonsa ya kawo ruwa don daɗi. Lokacin hutun tara ne, yara suna waje. Ya wuce ƙaramin ɗakin baya inda ake ajiye sinadarai. Kwalabe masu ruwan ƙasa suna nan a jere da rubutunsa a jikinsu, fasasshen kofin gilashin da yake zuba birori yana nan inda ya bar shi. Dogo yana zaune a kujerarsa yana duba littattafai, yana ganinsa ya zabura har ya buge gwiwa da tebur, ya rusuna.

"Malam! Da kanka? Ai da ka aiko na zo. Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki da sauƙi. Aikinka ne ba sauƙi." Ya buɗe littafin ya dangwara masa a gaba. "Karanta mini wannan. Me ya same shi da ka zagaye?"

Dogo ya duba, ya yi ɗan murmushin jin kunya.

"Wallahi Malam ni ma abin ya ba ni mamaki. Ita ce ta ɗaya a ajin. Sai da na tsayar da ita, don kai ka koya mana ba a ware ɗan kowa. Yaran kuwa ka san su, da suka ga 'yar gidan ce sai suka ƙara ƙarfin dukan tebur. Har wani ya ce yau barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na tambaye ta ko wani ne ya ruɗe ta, ta ce a'a, ita ta yi da kanta."

"Ba ita ta yi ba. Ni na sa ta. Rabi-rabi ta zuba, na gyara mata. Yanzu nuna mini inda layin nan bai daidaita ba."

Murmushin ya bar fuskar Dogo a hankali. Ya dubi littafin, ya juya shafin baya, ya ga aikin farko na yarinyar da jan biro ya soke, layin sokewar yana rawa. Ya dubi Malam. Malam ya san wannan kallo, shi ne irin wanda likita ya yi masa, shi ne wanda Tela take yi in ta ɗauka ba ya gani.

"Ai... ai ya daidaita, Malam," Dogo ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Lissafin daidai yake. Ni ne na yi gaggawa. Bari in gyara mata makin."

Ya ɗauki biro. Da Dogo ya yi gardama, da Malam ya ji daɗi, da sun kwana suna yi. Amma Dogo bai taɓa iya ƙarya ba tun yana ɗalibi, kunnuwansa ke tona shi. Malam ya kai hannunsa na hagu ya riƙe wuyan hannun Dogo.

"Ajiye biron nan. Ban koya maka ba da maki don tausayi ba. Gaya mini."

Dogo ya ajiye biron. Da ya buɗe baki, a hankali ya yi maganar, kamar mai tsoron ta fashe.

"Malam... mol nawa na ruwa ake nema?"

Famfon da bai taɓa gyaruwa ba yana ta ɗiga. Daga waje ana jin ihun yara a filin wasa.

"Ɗaya," Malam ya ce. Bakinsa ne ya faɗa, ba shi ba.

Sai Dogo ya jawo takarda ya yi masa bayani. Da kalmomin Malam ya yi, da misalin mudu, har da maganar sasantawa da rabi, yana yi yana share ido da bayan hannu, ƙato da shi. Malam ya bi shi layi-layi. Can ya hango abin, ya ga dalilin rabin sarai, ya ga girman abin da ya yi. Ya ga 'yarsa tsaye a tsakiyar aji ana dukan tebur ana kiran sunan ubanta a kanta, ita kuma ta rufe baki ta ɗauki laifin. Shi ya ƙirƙiro tsayuwar, shi ya tura ta ciki. Baƙin ciki ya rufe shi.

"Na gane," ya ce. "Ka iya koyarwa, Dogo. Makin ya zauna yadda yake."

Ofishin shugabar yana kan hanyar fita. Ta gan shi ta taso da fara'a.

"Malam, ka ƙosa ke nan! Ko hutun ba ka bari an yi ba?"

Bai zauna ba. "Ki rubuta takardar nan da kika ce," ya ce. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu ya juya.

A hanya ya riƙa maimaitawa a ransa, kamar yaron da aka aika yana tsoron mantuwa. Mol ɗaya ake nema, shi ya sa rabi. Mol ɗaya ake nema, shi ya sa rabi. Yana so ko ba komai ya isa gida da shi, ya tsaya gaban Auta ya ce mata ke ce da gaskiya, ga kuma dalili. Wajen mai faci wani babur ya yi masa ham ya kauce. Mai kantin magani ya fito da gudu ya riƙe masa hannu, ya tambayi jiki, ya tambayi iyali, ya ba shi labarin ranar da aka tsayar da shi a aji yana ta dariya. Da suka rabu Malam ya koma neman abin da ya riƙo. Kalmomin suna nan. Abin da ya haɗa su ya zube a hanya, bai san a ina ba.

Tela ba ta tambaye shi komai ba. Ta taimaka masa ya cire rigar, za ta mayar ƙusa ya ce ta sa a akwati. Ta tsaya da rigar a hannu, sannan ta ninke ta yadda take ninke kayan da masu su ba za su zo karɓa da wuri ba.

Da yamma ya zauna a baranda inda ya saba. Ya ajiye littafin a kan kujerar da ke gefensa. Auta ta dawo, ta gan shi, ta ga littafin, ta tsaya. Labari ya riga shi isa wurinta, ya gani a tafiyarta.

"Ke ce da gaskiya," ya ce. "Ki yafe wa babanki."

"Baba, don Allah ka daina. Ba komai."

"Da komai." Ya so ya ƙara da dalilin, ya laluba bai samu ba. Sai ya ce, "An ba ku wani aikin yau?"

Ta ɗauki littafin ta rungume shi a ƙirji da hannu biyu.

"An ba mu. Na... na riga na yi shi a makaranta."

"Madalla," ya ce. "Haka ya fi."

Ta shige ciki. Keken ɗinki da ya yi shiru tun shigowarta ya daɗe bai tashi ba. Malam ya juya ya dubi allo. Layin jiya yana nan, ba wanda ya yi ƙarfin halin gogewa. Ya san kuskure ne, Dogo ya nuna masa, shi da kansa ya ce ya gane. Ya ɗaga yatsa ya fara ƙirgawa a hankali, ko Allah zai sa ya kama shi. Haidirojin huɗu nan, huɗu can. Oksijin biyu nan, biyu can. Ya sauke hannu, ya huta, ya sake ɗagawa ya ƙirga tun daga farko. Daidai ya samu.